Kwas ɗin Stop the Bleed: awa guda ce, kuma ta biya

Duk mazaunin Amurka da bai je kwas ɗin Stop the Bleed ba, ina ba shi shawara ya nemi gurbi. Galibi kyauta ne, kuma da wuya ya wuce awa ɗaya da rabi. An ƙaddamar da shirin a 2015, bayan kisan yaran makarantar Sandy Hook a 2012, don koya wa mutanen gari tsayar da jini kafin motar asibiti ta iso.

Bayanin da ake yi a allo ba wani abu ba ne, kana iya samunsa a intanet. Aikin hannun ne ya ratsa ni. An ajiye mana cinyar roba mai rami, aka ce a cusa bandeji da yatsa, a yi ta turawa har ramin ya cika, sannan a danne da hannu biyu. Kafin minti uku kafaɗuna sun fara rawa. Madaurin tsayar da jini kuwa, ana ɗaura shi sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jini ya tsaya ko da mutum yana kururuwa, a rubuta lokacin da aka ɗaura shi a jikin madaurin.

Wani ya tambayi malamar ko girman harsashi yana da tasiri. Ta ce mai ceto ba ruwansa da wannan, jini kawai zai duba. Ta yi gaskiya a fagenta, amma ni na so ta ƙara bayani, domin amsar tana nan. Masu bincike biyu, Anthony Braga da Philip Cook, sun bi bayanan ’yan sandan Boston na 2010 zuwa 2014, suka gano cewa wanda aka harba da babban harsashi, irin .40 ko .45 (lambar tana nuna faɗin harsashin a ma'aunin inci), haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka harba da ƙarami, irin .22, sau huɗu da rabi. Matsakaici, irin mai milimita 9, ya ninka fiye da sau biyu. Lissafinsu ya nuna da duka harbin da ƙananan harsasai aka yi shi, da kisan ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wato ba niyyar maharbi kaɗai ke kashewa ba, har da abin da ya ɗura. Wani mai binciken, Franklin Zimring, shi ma ya ga irin haka a Chicago tun 1972.

Kwas ɗin bai ɓoye iyakarsa ba, kuma na yaba da hakan. Madauri na hannu da ƙafa ne. Idan harsashi ya shiga ƙirji ko ciki, sai tiyata, babu abin da za ka cusa.

Ba a ba mu madaurin mu tafi da shi ba, kowa zai sayi nasa. Malamar ta ja kunnenmu kan na jabu masu arha da ake tallatawa a intanet, don sandar murɗawarsu takan karye ana tsakiyar aiki.