Tsohon fil na Weiss da na jabu: inda suka rabu

Hajiya, kin tambaya ko sunan kamfanin Weiss da ke bayan fil ɗin gyalen da wata dillaliya ta kawo miki gida a Mabera ya isa shaidar cewa tsohon kaya ne na asali, ganin irin kuɗin da ta ɗora masa. Bai isa ba, domin a duk jikin fil ɗin babu abin da ya fi sunan sauƙin kwaikwaya. Ina da guda biyu a gabana, ɗaya na asali da na gada daga gwaggona, ɗaya kuma jabu da na saya da kuɗina kafin in san dawan garin.

Albert Weiss ya kafa kamfaninsa a New York a 1942, aka rufe shi a 1971. Kayansa ba zinare ba ne, ƙarfe ne da duwatsun gilashi masu ƙyalli, yawancinsu daga Austriya, saboda haka darajarsu tana cikin ingancin aiki da daɗewa.

Ki fara da juya fil ɗin. Bayan na gwaggona sumul yake, yana sheƙi kamar azurfa saboda rufin rodiyam (wani farin ƙarfe) da aka yi masa, kuma haruffan sunan sun fito tsaf, kowanne da kaifinsa. Bayan na jabun kuwa kaushi gare shi kamar an yayyafa masa rairayi, haruffan sun kumbura sun shige juna, domin sau da yawa daga jikin na asali ake ɗaukar zubi a kwarara sabon ƙarfe, kuma zubi na biyu ba ya taɓa kamo kaifin na farko.

Sai duwatsun, kuma nan na fi so ki daɗe kina dubawa, a hasken rana ba na fitila ba. A na asalin, kowane babban dutse 'yan faratan ƙarfe ne suka riƙe shi, an lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. A na jabun gam ne, har ana ganin inda ya ɓullo ya bushe a gefe, kuma a bazarar Sakkwato ta farko duwatsu uku suka zube mini a cikin jaka. Sai dai gam kaɗai ba ya yanke hukunci, don tsofaffin kamfanoni irin su Trifari ma sun manna ƙananan duwatsu da shi. A haɗa shi da sauran alamu. A tafin hannu kuma na asalin ya fi nauyi.

Ki kuma auna maganar dillaliyar da shekaru. Alamar © ta haƙƙin mallaka ta fara yawaita a bayan irin waɗannan kaya ne daga 1955, haka ma duwatsun da ke walƙiya da launukan bakan gizo, waɗanda kamfanin Swarovski na Austriya ya fito da su a tsakiyar shekarun 1950. Idan ta ce fil ɗin na shekarun 1930 ne, to a lokacin ko kamfanin ba a kafa ba.

Ki roƙe ta ta bar miki shi ya kwana, ki aiko da hoton bayansa mu duba tare. Kada dai ki wanke shi da ruwa, domin danshi yana cinye siririn rufin da ke ƙarƙashin duwatsun, su dushe su yi baƙi.