Sunan Da Hajiya Binta Ba Ta Taɓa Kira Ba

Duk lokacin da aka tambaye ni ƙagaggen labarin wannan zamani da ya cancanci mutum ya zare kuɗinsa ya saya, ya kuma ba shi dare biyu ko uku, wanda nake fara ambata shi ne Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan jarida haifaffen Jos. Kamfanin Parrésia ne ya fara buga shi a 2015, sannan Cassava Republic ya sake fitar da shi a 2016, shekarar da ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na Najeriya, NLNG, mai dala 100,000. Da Turanci aka rubuta shi, amma wanda ya tashi a gidan Hausa zai ji tun daga shafukan farko cewa mutanen ciki da Hausa suke tunani, da ita suke faɗa, da ita kuma suke yin shiru.

Abin da aka fi yayatawa game da littafin shi ne alaƙar da ta shiga tsakanin Hajiya Binta Zubairu, bazawara mai shekara 55 wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, da Reza, shugaban 'yan daba mai sayar da wiwi, wanda bai kai shekara 30 ba, wanda kuma farkon haɗuwarsu katangar gidanta ya hauro domin ya yi mata sata. Na san mutanen da suka ƙi buɗe shi saboda wannan kaɗai, kuma ban ga laifinsu ba, domin akwai wuraren da marubucin ya yi bayani fiye da yadda kunnenmu ya saba ji. Sai dai a ganina ba a nan zuciyar labarin take ba.

Zuciyarsa tana wajen ɗan fari. Binta ta haifi Murtala, amma alkunya ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta rungumarsa a gaban mutane, sai dai ta ce masa Yaro, har ya girma ya kauce hanya, 'yan sanda suka harbe shi, bai taɓa jin sunansa daga bakin mahaifiyarsa ba. Da na kai wannan wuri sai na kife littafin a kan cinyata na daɗe ban ci gaba ba, domin kakata ce ta faɗo mini a rai. Ina ganinta a bakin murhu tana zuba tuwo a kwanon mahaifina, tana zaɓar masa tsokar da ta fi girma ta tura ƙarƙashin miya, sannan ta miƙo mini ba tare da ta ɗaga kai ba ta ce, "Kai wa wancan." Har ta koma ga Allah ban ji ta ambaci sunansa ba, kuma babu wanda ya kai ta son sa. Mun ɗauki wannan a matsayin tarbiyya, tarbiyyar ce kuwa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi abin da take ci wa uwar da ɗan ba sai da na karanta labarin Binta. Shi ma Reza uwarsa ta bar shi yana ƙarami ta tafi Saudiyya, saboda haka ita Binta ɗanta take gani a fuskarsa, shi kuma uwarsa yake nema a jikinta. Marubucin bai wanke su ba, bai kuma jefe su ba. Ya bar Binta tana zuwa Islamiyya, tana sanin girman zunubin da take ciki, gulmar matan unguwa kuma tana bin ta har cikin aji.

Fa'iza, 'yar 'yar'uwarta da aka kashe mahaifinta da ɗan'uwanta a idonta a Jos, wadda take ɓuya cikin littattafan soyayya, ita ma ta zauna mini a rai, kuma na so a ce an ba ta fili fiye da haka.

Inda littafin ya yi mini rauni shi ne ɓangaren siyasa. Sanatan da yake juya Reza da yaransa domin bangar zaɓe gaskiya ne a rayuwarmu, amma a takarda ya fito kamar wanda muka riga muka sani, kuma batun sace mutum da ya biyo baya ya ɗauke mu daga ɗakin Binta, inda alƙalamin ya fi kaifi. Can ma na riƙa sauri ne domin in koma gidan.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka fi sakewa da Faransanci za su same shi a fassare tun 2018. Littafin manya ne, ba na barin sa a falo inda yara suke, amma na ba ƙanwar mahaifiyata aronsa, wadda ita ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma yau wata na uku ke nan ba ta dawo mini da shi ba, ba ta kuma ce mini komai a kansa ba.