Gyaran kafireton injin jirgi: aikin da wani bakanike ya yi mana a Sakkwato

Injin da nake magana a kai tsohon Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya masa fetur da man inji a tanki ɗaya. A bayan jirgin katako na gidanmu yake, wanda ke ƙetarar da mutane da buhunan albasa da shinkafa a Gulbin Rima, ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo. Sharhin nan kan aikin wani bakanike ne da ke cikin garin Sakkwato, da kayan gyaran da muka saya ta hannunsa, domin na san masu jirage da dama, daga Wurno har Silame, suna fama da irin abin da ya dame mu.

Inji yana tashi idan an ja cok, da an mayar da shi sai ya mutu. In aka samu ya ɗauka, yana gudu lafiya a tsakiyar ruwa muddin totur na buɗe, amma da an rage wuta za a matso gaɓa, ko aka saka giya, sai ya yi tari ya ɗauke. Wanda bai taɓa riƙe jirgi ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A watan Agusta, gulbi ya cika yana ja, ga mata da yara a ciki, inji ya mutu lokacin da ake karkata kan jirgi, wannan maganar rai ce. Mu a jihar nan mun binne mutane da yawa sanadiyyar kifewar jirgi, shi ya sa ba na ɗaukar mutuwar inji da wasa.

Masu gyaran babur da janareto da suka taɓa shi a baya duk hanya ɗaya suka bi: a sauya fulogi, a murɗa sukurun silo, wato aikin inji lokacin da ba a buɗe totur ba, a ƙara masa wuta. Inji kan daina mutuwa na ɗan lokaci, sai dai duk sanda aka saka giya za ka ji ƙara kamar an buga guduma, kuma haƙoran giyar ne ke biyan kuɗin.

Shi kuwa dattijon bakaniken nan na Sakkwato bai fara da kafireto ba. Tun a waya ya ce in zo da tanki da tiyo, kada in kawo inji kaɗai. Da na kai, ya tsiyayi man ƙasan tankin a kwalba, ya ajiye, ya ce, "Malam, duba wanga." Ruwa ne ya kwanta a ƙasa, fetur na sama, ga laka ja-ja tsakaninsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka shi ne ke fara shiga bututun da ke zuƙo mai daga gindin tanki. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, yawancinmu a bakin ruwa kaɗan-kaɗan muke saye a jarka wurin 'yan bumburutu, kuma jarkar da ta kwana a rumfa da damina ba a rasa ta da raɓa ko ƙasa. Ya duba ƙaramin sukurun shan iska da ke kan murfin tanki, ya ce in ya toshe, inji zai yi tafiya kaɗan ya tsaya, kuma alamarsa ita ce robar da ake matsawa a tiyo ta shafe ta ƙi komawa. Namu lafiya yake. Tiyon ne ya tsage a bakin mahaɗa yana shan iska.

Sai da ya gama da waɗannan ya kwance kafireton, kuma nan ne na ga bambancin mai sana'a. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera komai. A cikin kofin da mai ke taruwa akwai wani danƙo mai ruwan zuma. Ya ce da rani, in gulbi ya janye aka jingine inji da mai a cikinsa, zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da fetur ya bar man inji da datti su daskare. Jet, wato ɗan bututun da mai ke bi ya fita, biyu ne a ciki. Babban shi ke ba da mai idan an buɗe totur, ƙaramin kuma shi ke riƙe inji a silo da lokacin da ake tafiya a hankali. Ramin ƙaramin bai kai kaurin allura ba, kuma namu ya toshe har ba a ganin haske ta cikinsa. Dalilin da ya sa inji ke gudu a tsakiya ya mutu a gaɓa ke nan, shi ne kuma ya sa cok ke ceto shi, tunda cok rage iska yake yi mai ya ƙaru. Bai soka masa wayar ƙarfe ba. Jiƙa shi ya yi, ya hura da iskar kwamfuresa, ya ɗaga a rana ya duba, ya sake. Ya ce wayar ƙarfe tana faɗaɗa ramin, daga nan inji ya koma shan mai da baƙanta fulogi har abada.

Kayan da muka saya: gaskit, allurar da ke tsayar da mai idan kofi ya cika, fatar famfon mai, sabon tiyo da matatar mai. Allurar tsohuwa ta ci har ta yi zobe a baki. Ya nuna min na asali da jabu gefe da gefe, ya bar min zaɓi, bai ɓoye cewa na asalin ya fi tsada sosai ba. Na asalin na ɗauka, ya zauna daidai ba tare da an shafa masa gam ba. Gwangwanin feshin wanke kafireto kuwa bai burge ni ba. Yana wanke abin da ido ke gani, amma fesa shi ta bakin kafireto ba tare da an kwance ba ba ya kaiwa ga ƙaramin jet, kuma yana ɓata roba.

Inda aikin ya gaza shi ne gwaji. A durom na ruwa ya tayar da injin, wanda daidai ne, domin inji irin wannan in ya yi aiki a bushe robar famfon ruwansa ƙonewa take yi. Amma durom ba ya nuna halin inji idan jirgi ya ɗauki kaya. Da muka koma gulbi silon ya ɗan yi ƙasa, sai ta waya ya faɗa wa ƙanena yadda zai gyara. Ba ya zuwa bakin ruwa, ba ya ba da rasit, kuma ba ya sauri. Mai neman aikin yau-yau zai ji haushi.

Tun daga lokacin inji na tashi ba gardama, yana zama a silo, giya na shiga a hankali, damina ta wuce bai mutu mana a ruwa ba. Ya ɗora mu kan auna mai da ma'auni a maimakon ido, kashi 50 na fetur ga kashi 1 na man inji, wato rabin lita a tankin lita 25, da tace fetur kafin a zuba, da kwance sukurun ƙasan kofi a zubar da mai duk lokacin da za a ajiye inji. Zan sake kai masa aiki, kuma duk mai zuwa wurinsa ya tafi da tankinsa da tiyonsa, ya kuma nemi lambarsa saboda gyaran silo bayan an sauka ruwa.