Gilashi Kaɗai Ko Taga Gaba Ɗaya?

Idan gilashin taga ya tsage, fara duba firam kafin ka yanke shawara. Danna katakon da tsinin sukudireba. In ya lotsa, ruwa ko gara sun riga sun cinye shi. Na ƙarfe kuma, duba tsatsa a kusurwoyin ƙasa inda ruwa ke kwanciya.

In firam lafiya lau yake, taga na buɗewa ba gardama, to gilashi kawai za a sauya. Aikin sa'o'i kaɗan ne, ba fasa bango, ba sabon fenti. Sai dai a auna kauri, don mai milimita 4 ba zai zauna daram a gurbin mai milimita 6 ba. Gilashi mai ruɓi biyu kuwa, wato gilasai biyu da aka haɗa, in ya yi hazo a ciki, tare ake cire su, domin a liƙe suke.

Sabuwar taga ta fi tsada, ga gyaran filasta. Amma firam da ya karkace zai ci gaba da matse gilashi har ya sake tsagewa. Ina jin takaicin ganin an saka sabon gilashi a ruɓaɓɓen katako, da an yi ruwan sama ya sake shigowa ɗaki.