Dillalan karatun waje: aikinsu da inda suke gazawa

A wajen cike takardu, dillalan da ke nema wa 'ya'yan ƙauyukan Jigawa gurbin karatu a Masar ko Indiya suna ƙoƙari: su duba kiredit 5 na WAEC ko NECO, su tura fasfo, su karɓo takardar shiga. Matsalar tana wajen lissafi. Da yawa kuɗin shekarar farko kawai suke faɗa, da naira, alhali da dala ake biya, ban da ɗaki, biza da tikitin jirgi. Uba ya sayar da shanu da buhunan riɗi, dala ta tashi, yaro ya maƙale a shekara ta biyu. Iyaye, ku karɓi jadawalin kuɗi daga jami'ar, ku biya asusunta kai tsaye. Ɗalibin likita kuwa, jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, na jiransa idan ya dawo.