Rim 18 a Golf GTI: wata bakwai ina hawa a cikin Kano, ga abin da na gani

Tun da na canza wa motata ƙafafu jama'a ke tare ni, a masallaci, a wajen ɗaurin aure, har a layin gidan mai, kowa tambayarsa ɗaya, wai ya rim ɗin yake, su ma su saka? To bari na amsa gaba ɗaya kowa ya ji.

Motar Golf 5 GTI ce ƙirar 2007, 'yar Beljiyam, injin 2.0 mai turbo, tayoyin gaba ne ke jan ta. Da rim 17, wato mai inci 17, ta zo min, taya 225/45 R17. Na je Ƙofar Ruwa neman wani abu daban sai idona ya faɗa kan saitin 18 a jingine a ƙofar wani shago, baƙi da ratsin azurfa, na kasa wucewa. Mai shagon mutumin kirki ne gaskiya, bai ɓoye min komai ba, cewa ya yi "Alhaji zai yi wa motarka kyau, amma fa sai kana kaffa-kaffa da rami." Na ji shi, na biya, aka ɗora taya 225/40 R18.

Abin da da yawa ba su gane ba shi ne ƙafar ba ta ƙara girma ba. Lambar tsakiyar nan, 45 ko 40, tsayin gefen taya ce idan aka kwatanta da faɗinta. A 17 gefen robar ya kai kamar milimita 101, a 18 ya sauko 90, in ka je 19 da taya 225/35 kuwa kusan 79 ne ya rage maka. Wato ƙarfe ya ƙaru roba ta ragu, tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, shi ya sa agogon gudu bai canza min ba kuma motar ba ta ƙara tashi daga ƙasa ba kamar yadda wasu ke zato.

Daɗin da na ji a kwana yake, kuma ba zan rage masa komai ba. Ranar farko da daddare na bi Titin Zariya na zago ta Eastern Bypass hanya ba kowa, wallahi sitiyarin kamar ya san abin da ke raina, ɗan taɓawa kaɗan hancin motar ya juya, babu wannan ɗan jinkirin da nake ji a 17 inda sai robar gefe ta lanƙwasa tukuna motar ta bi. A shataletale ma ta fi zama daram. Duk mai son tuƙi zai ji bambancin nan a tafin hannunsa tun kwanar farko.

Amma mu da muke Kano sau nawa muke samun hanya fayau haka? Yawancin tuƙina tsakanin 'yan adaidaita sahu ne, giya ɗaya giya biyu, taka birki saki, sannan na shiga layin unguwarmu da ba kwalta. Nan ne 18 ya nuna min ɗaya fuskar tasa. Duk wani tsakuwa, duk wani bakin kwalbati, duk tudun da 'yan unguwa suka yi da siminti don rage gudu, sai na ji shi a ƙuguna, daga baya ma das bod ya fara wani ƙara da ban taɓa ji ba. Hajiyarmu na ɗauko daga asibiti wata rana, ba mu yi nisa ba ta ce "Kai ɗan nan, me ya sami motar taka take dukan mutum haka?" Maganar nan ta tsaya min a rai don ita ba ruwanta da lambar rim, jikinta ne ya faɗa mata.

Sai damina ta zo. Cikin watan Agusta bayan wani ruwan la'asar na faɗa ramin da ruwa ya rufe, ba gudu nake ba ko kaɗan, na ji ƙwas a ƙafar gaba ta dama. Da safe na tsuguna na duba, gefen tayar ya yi ƙulu kamar ƙwan kaza, leɓen rim ɗin ta ciki kuma ya lotsa. Mai facin bakin titinmu ya shafa ƙulun da babban yatsa ya girgiza kai ya ce "Yallaɓai wannan ba ta facuwa, zaren ciki ne ya tsinke, kar ka hau titi da ita." Gaskiyarsa ne, taya mai ƙulu a zafin Kano tana iya fashewa kowane lokaci. Irin ramin nan na sha faɗawa da 17 ban ga komai ba, milimita 11 ɗin nan da na raina su ne suke shanye dukan kafin ya kai ga ƙarfe. Na sayi sabuwar taya, na kai rim aka miƙe, aka sake balansin da alaimen, kuma 225/40 R18 ta fi ta 17 tsada sannan ba kowane shago za ka same ta ba.

Maganar gudu kuma, kar wanda ya ruɗe ka cewa babban rim yana ƙara wa mota ƙarfi. Na ɗaga tsohon da sabon da hannuna, sabon ya fi nauyi sosai, kuma nauyin a baki-baki yake inda ya fi wa inji wahalar juyawa, ga shokoba ita ma aikinta ya ƙaru. Wajen tashi na ji motar ta ɗan yi nauyin ƙafa, mai ma kamar ta ɗan ƙara sha. Riƙon kwalta kuwa, tunda faɗin duka 225 ne, ingancin robar ya fi girman rim tasiri nesa ba kusa ba. Taya mai kyau a 17 ta fi tsohuwar gwanjo a 18.

In dai ka dage sai ka saka, to duba bayan rim ɗin kafin ka ba da kuɗi. Golf 5 huji biyar ne 5x112, wato hujin noti biyar a da'irar milimita 112, ramin tsakiya milimita 57.1, na kamfani ET51 ne, ET ɗin nan ita ce lambar da ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. Rim ɗin Marsandi ma 5x112 ne, zai shiga, amma ramin tsakiyarsa 66.6 ne, in ba a saka zoben da zai cike gibin ba sitiyari na iya kama rawa da ka ɗan taka. Ka duba lambobi huɗun nan na gefen taya su ma, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, kar a haɗa ka da wadda ta tsufa a sito. Iska kuma ka bi abin da aka rubuta a murfin tanki ko gefen ƙofar direba, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, don mai siririn gefe ba ta nuna maka ta sauka sai ta yi ɓarna.

Ni dai satin da ya wuce na mayar da 17 ɗina, Allah ya sa ban sayar ba. Kwanar ta ɗan ragu da kaifi, na ji hakan kuma na yi kewarsa, amma ina shiga layinmu hankalina kwance, Hajiya ma ta sake hawa ba ta ce komai ba. Saitin 18 ɗin yana nan a gareji na lulluɓe shi da buhu, wani abokina da ke yawan hawa hanyar Abuja ya ce zai zo ya gani ranar Asabar, na kuma gaya masa tun a waya cewa ɗaya an taɓa miƙe shi.