Na'urar lantarki ko tattaki bayan dashen zuciya?

Wanda ya dawo Yamai da sabuwar zuciya, cinyoyinsa sun rame saboda doguwar jinya da magungunan hana jiki ƙin dashen. Na'urar lantarki da ake manna wa cinya tana sa tsoka ta motsa yana kwance. Ta dace da makonnin farko, idan likita ya yarda, amma ba ta ƙara ƙarfin numfashi sosai.

Tattaki kuwa yana horar da ƙafa, huhu da zuciya tare. Sai dai lokacin dashen an yanke jijiyoyin da ke gaya wa zuciyar ta hanzarta, don haka bugunta yakan makara: a fara a hankali, a tsaya a hankali. A zafin Afrilu, bayan asuba ya fi. Ni dai, da zarar mutum ya iya miƙewa, tattakin nake zaɓa.